Malam Mamman na Gidan Gilashi

Duk wanda ya saba sayen atamfa a kasuwar Azare kafin shekarar 2003 ya san Malam Mamman. Rumfarsa tana tsakiyar layin 'yan atamfa, daidai inda hanya ta ɗan karkata. Gadonta ya yi daga mahaifinsa, wanda ya fara kasa alawayyo da akoko a wurin tun rufin rumfuna na zana ne. Mutum ne dogo, siriri, mai tsabta, ba a jin muryarsa daga nesa. In mai saye ya zo ba ya tambayarsa abin da yake nema. Sai an gaisa tukuna, an tambayi mutanen gida da yadda damina ta yi, an sha ruwa, sannan ya miƙa hannu baya ya zaro turmi ya warware a kan gwiwarsa.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata kuma duk sun yi aure. Amma da yayansa ya rasu ya bar yaro mai suna Abdulsamad, shi ya riƙe shi. Ya sa shi makaranta, ya koya masa awo da ninkin zane, ya yi masa aure. A lokacin da ake maganar nan Abdulsamad magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma in Baffansa yana magana ba ya ɗaga ido.

A shekarun ne Alhaji Kawu ya dawo gida da niyyar gini. Tare suka yi wasan ƙasa da Malam Mamman, sai dai shi ya tafi Legas tun yana saurayi, ya yi arziki a harkar shigo da kaya, ya zaga ƙasashe. A can ya ga irin kasuwannin da ake ginawa a bayan gari, shaguna jere ƙarƙashin rufi ɗaya, mutum ya ajiye motarsa ya shiga ya sayi komai, ba rana ba ruwan sama. Ya ce Azare ma ta kai a yi mata irinsu. Ya sayi gona a kan hanyar Misau, can inda gidaje suke ƙarewa gero ya soma, ya gina bene mai faɗi, gabansa duk gilashi, da filin ajiye motoci shafe da siminti. An rubuta wa ginin suna da Turanci a wani babban allo, amma ba wanda ya kira shi da shi. Gidan Gilashi mutane suka ce, sunan kuwa ya bi shi.

Da ƙafarsa Alhaji Kawu ya ratsa kasuwa ya zo rumfar Malam Mamman.

Ya ce, "Mamman, har yaushe za ka zauna kwano yana yoyo a kan kayanka? Na ware maka shago na farko, na bakin ƙofa. Kai nake so mutane su fara gani."

Malam Mamman ya ce zai yi shawara, amma a ransa ya riga ya amsa. Ya taɓa ganin gobara ta cinye layin da ke bayan nasu, tun daga nan ba ya barci sosai in iska ta taso. Ga shi mutum ne mai son tsari, ya je ya ga kantocin katako masu sheƙi da daɓen tayil, abin ya shiga ransa. Sannan ga girmamawar da abokinsa ya yi masa a gaban jama'a.

Ran da zai tashi ya tara dattawan layi. Da ya ce Abdulsamad ya riƙe masa rumfar kafin a ga yadda hali zai yi, ba wanda zai ga laifinsa, don haka kowa yake yi. Amma Malam Mamman ba ya son abu rabi da rabi.

Ya ce, "Ku shaida, na ba Abdulsamad rumfar nan kyauta, halak malak, duniya da lahira. Ba aro ba ne, ba riƙo ba ne."

Aka shafa fatiha. Wani tsoho mai sayar da zare, maƙwabcinsa, ya matso ya ce masa a hankali, "Malam, ka yi saurin magana." Malam Mamman ya yi murmushi kawai.

Wanda bai san mutanen ƙasar Katagum ba ba zai gane nauyin abin da ya faru ba. Kyautar da aka yi gaban shaidu aka shafa mata fatiha ta tafi ke nan. Wanda ya dawo ya karɓe ta ya zubar da girmansa, ko ba a faɗa masa a ido ba. Wanda aka ba kuma, in ya ce zai mayar, ya nuna ya raina kyautar, ya raina mai ita.

Shekarar farko Gidan Gilashi ya ga jama'a. Da Salla yara suka yi ta hawa bene suna saukowa, samari suka yi ta ɗaukar hoto a gaban gilashi. Sai dai yawancinsu kallo ya kawo su. Alhaji Kawu ya ɗauko manaja daga Legas, shi kuma ya zo da dokoki. Ƙofar kowane shago ta zauna a rufe saboda iyakwandishan. Ba a shimfiɗa tabarma a baranda. Kowane kaya a liƙa masa farashinsa.

Wata ranar kasuwa Malam Mamman yana jera kaya, ya ɗaga kai sai ya hangi wasu tsofaffin masu sayensa daga Bulkachuwa, maigida da mata uku, tsaye a bayan gilashi. Sun tuɓe takalmansu tun daga matakala. Bakin maigidan yana motsi, sallama yake yi, amma ƙarar na'ura ba ta bari a ji ba. Allah kaɗai ya san tun yaushe suke tsaye. A garinsu ba a tura rufaffiyar ƙofa, sai an amsa. Ya yi sauri ya buɗe musu, suka shigo suna taka tayil ɗin mai sanyi kamar masu tsoron ya fashe. Suka duba wurin zama, babu. Gaisuwar da ake yi a zaune a tsaye aka yi ta, ta ƙare da wuri.

Babbar cikin matan ta ɗaga wani turmi, ta ga takarda liƙe a jikinsa. Ta tambayi mijinta mene ne, ya ce kuɗinsa ne aka rubuta.

Ta ce, "To in an riga an rubuta, mu me za mu ce?"

Ta nemi ta fita da zanen waje ta ga launinsa a rana, don hasken farar fitila yana sauya ja ya sauya shuɗi. Tana kaiwa babbar ƙofa mai gadi ya tare ta, ya ce ba a fita da kayan da ba a biya ba. Malam Mamman ya fito ya ba ta haƙuri. Suka sayi turmi ɗaya don kunya, suka sa takalmansu suka tafi, ba su sake dawowa ba.

Haka abin ya yi ta tafiya. Mai mota a Azare kaɗan ne a lokacin, mai zuwa a acaɓa kuwa sai ya ga gara ya sauka a kasuwa, inda zai sayi atamfa ya sayi daddawa ya ji labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa. Da masu haya suka fara raguwa, man janareta ya gagara. In aka ɗauke wuta sai gidan ya koma tanda, don tagoginsa ba masu buɗuwa ba ne. Saman bene ya fara zama kango, tantabaru suka tare. A shekarar 2006 Alhaji Kawu ya rasu, manajan ya haɗa kayansa ya koma inda ya fito. Magada suna da yawa, wasu a Abuja, wasu a Kaduna, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Yau a ce makaranta za a mai da ginin, gobe a ce asibiti, jibi a ce sito na riɗi. Lokaci lokaci wasu mutane sukan zo da abin awo, su zaga, su rubuta, su shiga mota su tafi. Mai gadi ya ga simintin filin motoci ya tsattsage, ya shuka wake da kuɓewa a tsagar.

Daga ƙarshe shago biyu suka rage a buɗe, na Malam Mamman da na Lasisi. Lasisi Bayarabe ne da ya zo Azare tun yana saurayi, yana sayar da rediyo da kaset da tocila. Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, har Fillanci yana taɓawa. Tunda ba manaja, sai suka tokare ƙofofinsu da bulo, suka shimfiɗa tabarma a baranda suna wuni a kai.

Da safe Lasisi yakan ce, "Sarkin Gilashi, jiya mutum nawa suka kawo gaisuwa?"

Malam Mamman ya ce, "Akuya biyu, sai kai."

"To an gode da aka sa ni a bayan akuya."

Lasisi bai damu sosai ba, don matarsa Busola tana zaune a tsohon shagonsa na cikin kasuwa. Yakan ce, "Ni ban ba kowa komai ba. Ran da na gaji zan koma, in ta ƙi tashi in zauna a ƙasa. Kai ma ka koma rumfarka mana."

Malam Mamman ya ce, "Ba ni da rumfa."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da yake cin ransa ke nan. Ba yunwa yake tsoro ba, yana da gona a hanyar Katagum, 'ya'yansa kuma ba su bar shi ba. Zaman gida yake tsoro. Ya ga 'yan kasuwa sa'o'insa da suka daina fita, suka koma zaman zaure suna kallon hanya, ba su daɗe ba jiki ya saki. Shi tun yana yaro a cikin mutane ya tashi. Abin da yake so bai wuce wurin da zai zauna zane yana hannunsa mutane suna wucewa suna gaishe shi ba. Wurin kuwa ɗaya ne, kuma da bakinsa ya bayar.

Matarsa Dijatu takan ce, "Malam, yaron nan fa jira yake ka yi ko da gyaran murya ne."

"Gaban mutane na faɗa, Dijatu."

"Mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya?"

"Rabin da suka rage fa?"

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abdulsamad yakan hau babur ɗinsa ya zo Gidan Gilashi gaisuwa. Ya durƙusa a gefen tabarma, su yi zancen farashin kaya a Kano, da sabon zanen da mata suke yayi, da ruwan bana. Idonsa yakan kai kan atamfofin da rana ta cinye launinsu ta cikin gilashi, sai ya kawar da kai. Yana so ya ce wa Baffansa ya dawo, amma ba hanyar faɗa. In ya faɗa, ya ce masa ya faɗi ke nan, kuma ya mayar masa da kyautarsa.

Lasisi ya daɗe yana kallonsu. Juma'ar ƙarshe kafin ya kwashe kayansa ya koma kasuwa, haƙurinsa ya ƙare.

Ya ce, "Ku biyun nan kun ishe ni. Abdulsamad, kana son Baffanka ya koma rumfa ko ba ka so? Kana so. Malam, kai ma kana son komawa, kowa ya sani. To mene ne? Bari in kira a-kori-kura ta kwashe kayan nan yau a huta."

Malam Mamman bai dubi Lasisi ba, sai ya dubi Abdulsamad.

Ya ce, "Kai ka aiko shi?"

"Wallahi Baffa ban aiko shi ba."

"Ko kyautar ce ba ta yi maka ba?"

Abdulsamad ya sunkuyar da kai. Can ya yi sallama da murya ƙasa ƙasa, ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar.

Lasisi ya ce, "Na ɓata ko?"

"Ka ɓata."

"A garin nan na yi furfura, amma har yau ban iya shirunku ba."

Daga nan Abdulsamad ya daina zuwa Gidan Gilashi. A gida yake zuwa gaisuwa da sassafe, ya gaida Baffansa daga bakin ƙofa ya wuce. Malam Mamman ya ci damina guda shi kaɗai a ginin. Kullum yakan zo a kan lokaci kamar mai zuwa ofis, ya share baranda, ya kakkaɓe kantoci, ya sauke turame ya sake ninke su. In lokacin salla ya yi su yi jam'i shi da mai gadi. Rufin ya fara yoyo ta wajen matakala, ya sa bokiti. Wani lokaci motar Misau takan rage gudu, fasinjoji su leƙo su ga tsoho shi kaɗai zaune gaban gilashi, motar ta wuce.

Bayan kaka, lokacin da bukukuwan aure suke yawa, sai ga Abdulsamad wata ranar Talata da hantsi, ya shigo da sauri ko babur ɗin bai kafe da kyau ba.

Ya durƙusa ya ce, "Baffa, na shiga matsala."

"Lafiya?"

"Hajiya Meram ce ta Yana. Ta zo haɗa lefe ita da mata, ta ce ba za ta saya a hannuna ba. Wai zanen da na zaɓar mata bara ya zuba tun wankin farko, ta ji kunya a gidan surukai. Ta ce ran kasuwa za ta dawo, in ba ta tarar da kai ba Kano za ta wuce. Baffa, in ta tafi, matan Yana duk sun tafi."

Malam Mamman ya dube shi. Ya san Hajiya Meram, ita ce mata suke wakiltawa sayen kayan lefe a yankinsu, kuma tun zamanin mahaifinsa take zuwa rumfar. Ya san kuma uwar ɗakin Dijatu ce, ba a wata biyu ba su ziyarci juna ba. Sannan ya san Abdulsamad ba ya kuskuren zane mai zuba, ko a duhu aka miƙa masa. Tambaya ɗaya za ta warware maganar. Bai yi ta ba, sai ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Kai da na koya wa ka jiƙa gefen zane ka goga a farin ƙyalle kafin ka ba mutum?"

"Na manta, Baffa."

"Ka manta. Haka za ka zubar da sunan gidanmu a Yana?"

"A yi haƙuri, Baffa."

"To, ran kasuwa zan leƙo. Taimako ne, ka ji ko? Na rana ɗaya."

Ran kasuwa ya sa farar riga ya hau acaɓa. Da ya shiga layin 'yan atamfa, dattawan da suka rage suka gaishe shi kamar jiya suka rabu, ba wanda ya ambaci Gidan Gilashi. A cikin rumfa akwai buzu shimfiɗe kusa da akwatin kuɗi, nan mai rumfa yake zama. Abdulsamad ya riga ya tashi daga kai, yana tsaye a gefe. Malam Mamman ya dubi buzun, ya ce masa ya koma wurinsa. Ya ari 'yar kujera wurin mai zare, ya ajiye a bakin rumfa ta waje, ya zauna.

Hajiya Meram ta iso da matanta, ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

Ta ce, "Malam, ashe kana nan da rai? An ce mana ka koma Turai."

"Na je na dawo, Hajiya. Ina mutanen Yana?"

Aka gaisa sosai, aka sha ruwa. Ya ce wa Abdulsamad ya miƙo wancan, ya miƙo wancan, yana warwarewa a gwiwarsa, mata suna ɗagawa a rana suna shawara. Da aka gama zaɓe Hajiya Meram ta ce, "To Malam, nawa za ka bar mana?"

Ya nuna cikin rumfa da haɓarsa, ya ce, "Ciniki sai da mai rumfa. Ni zaɓe aka kira ni."

Dattawan layi suna ji. Mai zare ya gyaɗa kai ya ci gaba da ƙulla zarensa.

Kasuwa ta gaba sai ga wata matsalar, wai an kawo shadda daga Kano Abdulsamad ya kasa bambance ta gaske da jabu. Ta gaba kuma wasu Fulani ne suka zo, ya ce Fillancinsa ba ya isa ciniki. Kowane karo Malam Mamman yakan yi masa faɗa tukuna, sannan ya ce zai leƙo. Kafin azumi ya zo, leƙowar ta zama ta kullum. Kayan da suka rage a Gidan Gilashi suka riƙa tahowa turmi biyu, turmi uku, ɗaure a bayan babur, ba wanda ya kira abin da suna ƙaura. Lasisi, da shagonsa yake layi na gaba, in ya zo wucewa yakan buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe ya wuce yana dariya.

Har ƙarshen shekarar 2009 magadan Alhaji Kawu ba su yanke shawara a kan ginin ba. Allon sunan ya karkace, gilashi biyu sun fashe an toshe da kwali, mai gadi ya ƙara da kiwon kaji. Malam Mamman bai mayar da makullin shagonsa ba, don bai san wanda zai ba ba. Wani lokaci da la'asar yakan je ya buɗe iska ta shiga, ya share baranda, ya gaisa da mai gadi ya dawo.

Bai taɓa zama a kan buzun ba, bai kuma taɓa sa hannu a akwati ba. In wani ya tambaye shi ko ya dawo kasuwa ke nan, yakan ce a'a, shagonsa yana hanyar Misau, yana nan ne kawai kafin yaron nan ya gama koyo. Abdulsamad kuwa, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, har yanzu ba a ga alamar zai gama ba.